Su Wa Suka Ɗauko Baturen?

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗahiru, malamin Turanci. Bana, a farkon wannan watan da ya bar mu a cikinsa ne kuma na ji ƙarar babura a ƙofar makarantar da nake koyarwa a Unguwar Dosa, a lokacin da ba a zuwa ɗaukar yara. An fita tara, wato hutun safe, ina zaune a bakin aji ina cin awara, hannuna ɗaya duk alli. Babur ɗaya ba komai ba ne, biyu ma haka. Amma waɗannan sun tsaya ba su kashe inji ba, kuma ban ji wanda ya yi wa maigadi sallama ba. Sai wata murya ta tambaya, "Wace ce Antin aji shida?" Na ajiye awarar. Ni ce Antin aji shida.

Duk shekara idan watan nan ya zagayo, Umma takan soya waina a raba wa maƙwabtanmu a Badarawa, mu yi masa addu'a, shi ke nan. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a jarida ba, iyakar karatuna sakandare. Bana ma cewa ta yi in bari. "Sadiya, ba ki gaji da rubutu ba? Ba shi ya kusa kashe ki ba?" Na ce mata wancan na wasu ne na kwafa, wannan nawa ne. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Ba wai na yafe ba ne, har yanzu akwai yara a cikinta, kuma na ga abin da suna ke jawowa idan ya shiga waya.

Bari in fara da Baba, don in ba a san shi ba, ba za a gane abin da ya tsayar da ni a gaban allon nan ba.

Ya daɗe yana koyarwa a wata sakandaren gwamnati ta wajen Kurmin Mashi. Kullum da safe sai ya tura tsohon babur ɗinsa shuɗi har bakin titi kafin ya tashi, littattafai ɗaure a baya da roba. Kada wani ya ɗauka maƙiyin Turanci ne. Yana son harshen nan har abin yakan ba mu haushi. Yana aski yana maimaita kalmomi masu wuya a gaban madubi. In ka yi kuskure a gabansa, sai ka sake faɗa, ka sake, har tuwonka ya huce. Amma ya ba mu labarin makarantar kwanan da ya yi yana yaro. Duk wanda aka kama yana Hausa, sai a rataya masa ƙashin muƙamuƙin akuya a wuya, kuma ba zai rabu da shi ba sai ya kamo wani yana yi, ya miƙa masa. Ya ce ba warin ƙashin ne ya fi ci masa rai ba, yadda suka koma masu laɓe a bayan juna ne. Yakan ce, "Sun koya mana Turanci, sun haɗa mana da jin kunyar bakin iyayenmu. Na farkon na karɓa. Na biyun ba zan miƙa wa ɗan kowa ba."

A littafin karatun da suke amfani da shi akwai wani darasi da ya tsana, kuma bai taɓa tsallake shi ba. Labarin wani Bature ne da ya iso wani gari na Arewa. Littafin ya ce ya tarar da mutanen garin malalata ne, ƙazamai, marasa tausayi, malamansu na yaudararsu da rubutun da ake wankewa a sha, ba su san doka ba, ba su san magani ba, sai da baƙon nan ya zo ya kawo musu sabulu da shari'a da haske. A gefe akwai hoto. Baturen a kishingiɗe a kan wani gado na zane, da hularsa, da lofe a baki, mutum huɗu sun ɗauke shi a ka. Shi an zana masa har gashin baki. Su kuwa ba a yi musu fuska ba, baƙin tabo ne kawai a saman wuya. A ƙarƙashi sai tambayoyi. Kawo alheri uku da baƙon ya yi wa garin. Me ya sa mutanen garin ba sa son aiki? Wato ba a bar yaro ya karanta zagin ya wuce ba. Sai ya ɗauki biro da hannunsa ya kawo dalilin da ya sa kakansa malalaci ne, sannan a ba shi maki.

Kuma ba darasin nan kaɗai ba ne. A duk littafin, likita Bature ne, alƙali Bature, maigida Bature. In ka ga Musa, kuku ne. In ka ga Audu, wani abu ya ɓata ana nemansa. Yaran ciki suna wasa da ƙanƙarar da ke zubowa daga sama, namu suna zaune a ƙarƙashin kwano cikin zafin bazara, suna gumi, suna haddace yadda ake ɗumama ɗaki.

Baba raba darasin yake yi biyu. Kafin tara zai rubuta shi a allo gaba ɗaya, bai rage komai ba, a karanta, a fassara kalmomi. Yakan ce ba ka mayar wa mutum magana sai ka ji ta har ƙarshe. Bayan tara sai ya dawo, ya rufe littafin, ya zauna a bakin tebur, ya koma Hausa, abin da dokar makaranta ta hana. Sai ya yi musu nasa tambayoyin. Wa ya rubuta wannan? Su wa suka ɗauko Baturen? Da kakarka ce ke ba da labarin ranar nan, me za ta ce? Daga nan yara ke ganin abin da ke gabansu tun safe ba su gani ba: waɗanda aka kira malalata, ga su nan ɗauke da ƙato a ka cikin rana, shi kuma mai son aikin yana kwance. Ban zauna a ajinsa ba, amma ya yi mana darasin a gida a kan tabarma, ni da ƙannena, har Umma tana tankaɗe tana ba da tata amsar.

Abin bai tafi masa a banza ba. An sha kiransa ofis a ja masa kunne, a ce yana ɓata lokacin yara da siyasa. Waɗanda suka fara aiki a bayansa suka wuce shi. Akwai kuma abu guda da har yau nake jayayya da shi a raina. Yakan gaya wa ɗalibansa, "A jarrabawa ku ba su amsar da suke so, ku ci makinku. Amma kada ku kai ta gida." Na san don kada su faɗi ya faɗi haka. Duk da haka, Baba, shekara nawa za a yi ana rubuta ƙarya don maki? Littafin nan ya gan ka da baƙin gashi, ya gan ka da furfura, ya raka ka kabari, ya dawo ya same ni.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, a shekarar da na gama sakandare. Da shi aka binne maganar kwalejin ilimi. Na zauna a gida, na yi ɗinki, daga baya na sami aiki a makarantar kuɗin nan, don Turancina ya fi na wasu masu digiri, kuma nasa ne.

A ƙofar makarantar akwai ƙaton allo da ke cewa manhajar Ingila ake bi. Shi ke jawo iyaye. A ciki ba a Hausa. Yaron da bakinsa ya suɓuce sai ya durƙusa ya ɗaga hannu sama, kuma akwai yaron da aka ba aikin kawo sunayen masu yi. Ƙashin akuya ne kawai babu. Iyaye suna sane, suna ma jin daɗi. Na ji uwar da ke fariya a bakin ƙofa cewa ɗanta ya fara manta Hausa, kakarsa ta yi masa magana ya kasa amsawa. Tana faɗa tana dariya.

Mai makarantar, wadda muke kira Madam, tana da kwalin littattafan Turanci a sito. Ba a ba yara, wai za su yaga. Idan sabon uba ya zo, sai a fito da guda a nuna masa bango mai sheƙi, a mayar. Malami kaɗai ake ara wa ɗaya, ya kwafa a allo kalma da kalma, yara su kwafa daga allo. Ranar Juma'a Madam za ta tara littattafan rubutun yara ta gwada da na asali. In ka rage wani abu ko ka ƙara, kai da ita ne. Haka ake aiki a can, kuma ba can kaɗai ba.

Ranar da na buɗe darasin mako na ga Baturen nan a kan gadonsa, sai da na zauna. An sake bango, an sa wa hoton launi, amma mutum huɗun nan har yanzu ba su da fuska. Na ɗauki littafin na tafi ofis.

"Madam, wannan darasin zagin mutane ne. Ko in tsallake shi?"

Ba ta ma ɗago daga wayarta ba. "Ke da ko takardar koyarwa ba ki da ita, ke za ki gyara wa Turawa littafinsu? Daga nan jarrabawa za ta fito. Ki kwafa yadda yake."

"Akwai maganar malamai a ciki, Madam."

"Sadiya, akwai 'yan mata da yawa a waje masu neman aikin nan."

Na fito. A hanya na ce wa kaina, to, ai na san yadda ake yi da darasin nan. Zan yi yadda Baba ke yi. Kafin tara in rubuta nasu, bayan tara in yi namu, ko da za a kama ni ina Hausa. Har wani daɗi na ji, kamar zan kai masa ziyara.

Da safen ranar na cika allo da rubutuna, mai kyau, a miƙe, yadda ya koya mini. Muna cikin karantawa wani uba ya kawo wa ɗansa kular abincin da ya manta. Ya tsaya a taga, ya daɗe yana kallon allon, ya ɗaga waya. Na ɗauka hoton ɗansa yake ɗauka. Ashe allon ne. Ya tura wa guruf ɗin iyaye, wani ya fassara, wani ya ƙara nasa, aka tura gaba. Kafin a fita tara, rabin unguwa sun ji cewa wata malama ta tsaya a gaban yara tana zagin malamai da kakanni. Ba littafi a hoton, ba sunan marubuci. Rubutun hannuna ne kawai. Rabi na biyu na darasin yana cikin kaina, ba wanda zai iya ɗaukar hotonsa.

Da aka fara dukan ƙofar makaranta, Madam ta fito da gudu ta fizgi hannuna, ta tura ni sito, ta sa kwaɗo ta waje. Jakata da wayata suna aji. A lokacin har godiya na yi mata a zuci. Ɗakin ƙarami ne, ba fanka, sai wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe da ke kallon bayan ofis. Na zauna a kan wani kwali na rungume gwiwoyina. Ina jin yara na kuka, iyaye na kiran sunayensu. Dutse ya faɗo a kan kwano, wani ya biyo shi. Wani yana ta maimaitawa, "A fito mana da ita kawai, ba ruwanmu da kowa." Na ji warin fetur. Har yau ban sani ba ko na baburan ne.

Sai na ji muryar Madam, tana Hausa, harshen da ta hana a makarantarta, kuma tana yinta tiryan-tiryan. "Wallahi ba mu san da wannan ba. Ba a littafinmu yake ba. Yarinyar ce ta ƙirƙiro, dama na lura kanta ba daidai yake ba."

A nan tsoron ya sauya kama. Da ina tsoron mutanen waje ne. Yanzu na gane kwaɗon nan ba don ya tsare ni aka sa shi ba, don in ba abin da za a iya yi, a san inda nake.

Na sha tambayar kaina tun daga ranar, da Baba yana nan me zai ce? Ba na jin zai ce mutanen nan ba su da dalilin fushi. Shi ma kalmomin nan sun ƙona masa rai tsawon aikinsa. Amma zai tambaye su ina fushin yake duk shekarun nan. Darasin nan iyayensu sun kwafe shi, wasunsu sun kwafe shi, sun amsa tambayoyinsa, sun kai sakamako gida an yi musu barka. Yana cikin littafi mai bango, da sunan Bature a kai, ba wanda ya ɗaga dutse. Sai da ya fito a rubutun hannun 'yar talaka, marainiya, mai hijabi irin na ƙannensu, sannan kowa ya sami ƙarfin hali. Su ne suka zaɓi makarantar saboda allon ƙofa. Su ne suke so yaro ya dawo gida yana magana ta hanci. Ba wanda ya taɓa cewa a buɗe masa littafin nan ya ga abin da ke bayan bangon.

Kuma fushina bai tsaya a kansu ba. Wanda ya rubuta darasin ya daɗe da mutuwa, shi dama aikinsa ke nan, sai ya ce mu ƙazamai ne kafin ya iya barci a ƙasarmu. Amma su wa suke sake buga shi? Wa ya zauna ya zaɓi launin da za a sa wa hular Baturen, bai ga cewa mutum huɗu ba su da fuska ba? Su wa ke zagaya makarantu da sunan dubawa, su ƙirga kujeru, su leƙa banɗaki, su sha lemo a ofis, su tafi ba su karanta shafi ɗaya ba? Waɗannan ba Turawa ba ne. Namu ne, a garin nan suke, tare muke cin kasuwa. Baturen ya sauka daga gadon nan tun kafin a haifi Umma, mu ne har yanzu muke tafe da gadon a ka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba. Rigata ta jiƙe, na karanta duk addu'ar da na iya har ta fara cakuɗe mini. Can na ji takun mutum ɗaya ya zagayo ta bayan ofis, ya tsaya a taga.

"Yarinya, kina ciki?"

Na toshe bakina da hijabi.

"Ba abin da zan yi miki. Sunana Bashir, ni ne baban Amira ta ajinku. Daga ofis na taho da na ga hoton. Labarin Baturen nan, daga ina kika samo shi?"

Na ce, "Daga littafi."

"Madam ta ce babu littafi."

"Ga shi nan ina zaune a kai."

Sai a lokacin na tuna kwalin da ke ƙarƙashina. Na buɗe, na zaro guda. Na nemo shafin na tura masa ta tsakanin sanduna. Ina ganin rabin fuskarsa, mutum ne mai 'yar furfura a gemu, da katin aiki rataye a wuya. Ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce, kamar da kansa yake magana, "An sake masa bango. Su wa suka ɗauko Baturen?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Da kakarka ce ke ba da labarin ranar nan, me za ta ce?"

Ya matso da fuskarsa jikin ƙarfen. "Ke 'yar wa ce?"

"Malam Ɗahiru, na Badarawa."

"Mai shuɗin babur? Wanda sai an tura?"

"Shi ne."

"Yana ina yanzu?"

"Ya rasu. Shekara shida."

Ya yi salati a hankali, ya yi masa addu'a. Bai sani ba. A ta tagar sito ya ji mutuwar malaminsa. Ya ce, "Zauna ƙasa, ki bar jikin taga. Kada ki amsa wa kowa sai ni."

Abin da ya biyo baya da kunne na ji, sauran maigadi ya cika mini daga baya. Malam Bashir ya sami mai unguwa, wanda ya iso yana ta ba da haƙuri ba mai sauraronsa. Suka hau bencin maigadi su biyu. Ya ɗaga littafin, ya fara nuna hatimin makarantar a shafin farko, ya kira Madam ya ce ta duba ko nata ne. Ban ji amsarta ba. Sannan ya karanta darasin da Turanci, ya fassara da Hausa, bai rage komai ba, har maganar malaman. Hayaniya ta tashi, ya bari ta lafa. Ya juya musu hoton, ya ce a miƙa shi hannu zuwa hannu.

"An ce mutanen garin malalata ne," in ji shi. "To ku duba. Su wa suka ɗauko shi?"

Suka ƙura wa hoton ido. Wani dattijo daga baya ya ce kakansa ya yi irin wannan dakon, na tilas, har ya mutu da tabo a tsakiyar kai.

Kada in yi ƙarya in ce nan take kowa ya zama mutumin kirki. Wasu suka juya kan Madam da zagi, sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Wani kuma ya ce, "Ko ma daga ina ne, ai da hannunta ta rubuta."

Malam Bashir ya ce, "Ni ma da hannuna na rubuta shi ina aji biyu. Kai ma in ka yi boko ka rubuta, ka ci maki. Da wa za mu fara? Mahaifin yarinyar nan ne ya koya mini in ji zafin wannan shafin, lokacin da ba wanda ke jin zafinsa. Da kun bar ta ta dawo daga tara, da 'ya'yanku sun zo muku da tambayar da na yi muku yanzu."

Yau ba ni da aiki. Madam ta aiko a gaya mini kada in dawo, wai na jawo wa makaranta abin kunya. Mutumin da ya ɗauki hoton bai zo gidanmu ba, bai aiko ba. Na ji an kwashe kwalin daga sito, amma allon ƙofa yana nan, kuma yara suna nan suna durƙusawa in sun yi Hausa. Da na raka Umma kasuwa na ga littafin a shimfiɗe a teburin mai sayar da littattafai, wata mata tana taya shi. Na so in yi mata magana, amma sai na wuce. Idan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu bai kashe inji ba, sai na tsinci kaina a bayan ƙofar ɗaki. Ƙanwata ta kawo alli gida daga makarantarsu, na ce ta fitar da shi.

To me ya rage na Malam Ɗahiru? Gida na haya ne. Babur ɗin an sayar tun yana asibiti. Bai rubuta littafi ba, bai kai ga cire shafi ko ɗaya daga na wasu ba. In a kan wannan za a auna shi, littafin ya ci shi da yaƙi, kuma ina jin haushin hakan har cikin ƙashina. Na yi fushi da shi ma a cikin siton nan, Allah ya gafarta mini, na ce shi ya koya mini in fara rubuta maganarsu kafin tamu, ga inda ta kai ni. Amma ya bar tambayoyinsa a kan yaran da ya koyar, ba su ma san suna ɗauke da su ba. Ɗayansu ya girma, ya yi furfura, ya manta da malamin har bai ji mutuwarsa ba, amma da ya ga hoton nan tambayar ta fito da kanta. Ban san ko su nawa ne irinsa a ofisoshi da kasuwannin Kaduna ba. Idan kana cikinsu kana karanta wannan, malaminka ya rasu, ka yi masa addu'a. Sannan yau in ɗanka ya dawo, ka karɓi littafinsa na Turanci ka buɗe, ka wuce bango.

Kiran sallar azahar ne ya ƙarasa watsa taron. Na ji baburan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har harabar ta yi tsit, amma ban motsa ba, don an ce kada in amsa wa kowa. Na ji an yi salla a masallacin layin, na ji an sallame. Sai ƙarar makulli a jikin kwaɗo. Na ja baya har na haɗu da bango.

Ƙofar ta buɗe. Malam Bashir ne da mai unguwa, ga Umma a bayansu, an je an ɗauko ta, takalmanta ba iri ɗaya ba. Jakata tana hannunsa, littafin yana hammatarsa.

"Fito, 'yar Malam," in ji shi. "Sun tafi. Ba wanda zai taɓa ki."

Umma ta shigo ta kama ni. Muna wucewa ta gaban ajina na ga allon, ba wanda ya goge shi, rubutuna yana nan a miƙe tun na safe. Malam Bashir ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Bar shi. Rabin da ya rage na yi miki a waje."